Tambayoyinku: Wayar Batir Na Narkewa, Inbata Na Kuka

Daga wata ɗalibar jinya a Birnin Kudu: Cajar laftof ɗina mai 19V 3.42A ta mutu. Na samo wata mai 19V 4.74A. Za ta ƙona min kwamfuta?

Ba za ta ƙona ba, Malama. Bolt ɗin ya zo ɗaya, shi ne abin dubawa, sai kuma bakin cajar ya dace. Ninka bolt (V) da amfiya (A) ki samu wat: tsohuwar wat 65 ce, sabuwar wat 90. Kwamfuta iya buƙatarta take ja, ba a yi mata ɗura.

Daga wani mai shagon caji a wani ƙauye kusa da Ringim: Ina da batir 12V da inbata mai wat 1000. Ranar kasuwa in na jona wayoyi 40 da fanka da talabijin, sai inbata ta kama kuka ta mutu, wayar da ta taho daga batir kuma ta yi zafi har robarta ta yi laushi. Wayar 1.5mm ce, tsawon mita 3. An ce batirin ne jabu.

Malam, batirinka bai yi maka laifin komai ba. Wannan tambayar kullum sai ta dawo, kuma kullum mutum ya kashe dubun dubata a batir da farantin sola, in aka zo kan waya sai ya ɗauko ragowar wadda aka ja wa kwan ɗaki. Ɗauko biro mu yi lissafi.

Caja 40, kowace wat 10, wat 400 ke nan. Fanka da talabijin a ce 140. Ƙara abin da inbata ke ci da kanta, ka doshi wat 600. Raba wat da bolt ka samu amfiya. A gefen soket, 600 a raba da bolt 230, amfiya 2.6 ne kacal, shi ya sa siririyar waya ke ɗauka lafiya lau. A gefen batir kuwa 600 a raba da 12, amfiya 50. Kaya ɗaya ne, amma abin da ke bin wayar ya ninka kusan sau 19. Ita 1.5mm amfiya 15 ko sama da haka kaɗan aka yi ta ta ɗauka. Kamar ka ɗaura wa injin ban ruwa tiyon wanke babur ne.

Kowace waya tana da turjiya, ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau turjiya. Jan ƙarfen wayar 1.5mm yana da kusan om 0.012 a kowace mita. Mita 3 ka ce, amma wuta zuwa take ta dawo, ja da baƙa, mita 6 ke nan, om 0.072. Ninka da amfiya 50: bolt 3.6 sun zube a hanya. Batir na nuna 12.4, abin da ya isa inbata 8.8, ita kuwa yawanci da ta ga ƙasa da 10.5 take yin kuka ta kashe kanta. To ina bolt 3.6 ɗin suka tafi? Ninka su da 50: wat 180, duk zafi, a cikin roba, a shagon da rufinsa kwano ne, jikinsa katako, a watan Afrilu. Ka gode wa Allah da inbatar ke mutuwa da wuri.

Gyaran: matso da batir kusa da inbata, kada ya wuce mita 1. Sayi kebul 16mm, in kana da niyyar cika wat 1000 ɗin nan ka hau 25mm. Da 16mm zuwa da dawowa turjiya ba ta kai om 0.003 ba, asarar kusan wat 6 ce. In ka shiga kasuwar Sabon Gari saye, kankare bakin kebul ɗin da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafe, ajiye musu kayansu. Da 16mm ɗin, sa fiyus mai amfiya 80 a jar wayar, dab da kan batir. Kuma don Allah a daina naɗe waya a kan batir a ɗaure da ƙyauron roba. Haɗi mai sako-sako da ya ƙara om 0.02 kawai, a amfiya 50, wat 50 ne na zafi a wuri ɗaya. A sa kan kebul na ƙarfe, a ɗaure da noti.

Ni dai duk wanda kayansa suka haura wat 500, shawarata ya koma 24V: batir biyu a jere da inbatar da ta dace. Amfiya ta ragu rabi, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Daga wani ɗan sakandare a Dambatta: Duk ƙaramin kwan LED ja da na jona a batirin 12V, walƙiya ɗaya yake yi ya mutu.

Allah ya jiƙan na baya. Kwan bolt 2 yake so da amfiya 0.02. Ragowar bolt 10 a raba da 0.02, om 500. Nemi rezista, ɗan abin rage wuta, mai om 560, mai zanen kore, shuɗi, ruwan ƙasa, ka jera shi da kwan. Zafin da zai sha bai wuce wat 0.2 ba, ɗauki mai rabin wat.

Daga wani mai gyaran rediyo a Gumel: Na juya mitar awon wuta kan 10A na ɗora a kawunan batir don in ga amfiyarsa. Ta yi tartsatsi, yanzu ba ta auna amfiya.

Haba oga! A 10A mita kusan waya ce zalla, ka haɗa ja da baƙa kai tsaye ke nan. Ana katse layi ne a sa ta a tsakani, kaya na aiki. Buɗe bayanta ka canza fiyus da irinsa. In mai arhar nan ce da ba ta da fiyus a ramin 10A ɗin, sayi wata.