Amsa ga Mai Shirin Zuwa Azhar: Kalmar “Mashi” da Fuskokinta

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan su Baba suna lafiya, na ga saƙonka inda kake tambaya ko nahawu da sarfun da ka karanta a zaure za su ishe ka zaman Alƙahira idan Allah ya sa ka sami gurbi a Azhar. Za su ishe ka a gaban littafi da huɗubar Juma'a, amma titi yana da nasa Larabcin, kuma kalma ɗaya ta isa ta nuna maka haka, wato “mashi”.

Wannan ba mashin yaƙi ba ne da muka sani a gida. A Larabci ma'anarta ta asali ita ce mai tafiya da ƙafa, jam'inta kuwa “mushat”, wanda za ka gani a allunan gadojin tsallaka titi, kuma da shi ake kiran sojojin ƙasa. Daga wannan tushe aka samo “mawashi”, dabbobin kiwo da ka sani a babin zakka, da “massha'in” na aya ta 11 a Suratul Ƙalam, mai yawo da annamimanci. Har a darasin falsafa za ka ji ana ce wa Farabi da Ibn Sina “massha'un”, saboda sun bi tafarkin Aristo, wanda aka ce yana koyarwa yana zagayawa.

A bakin Bamisire kuwa, mafi yawan lokaci kalmar ba ta da ruwa da ƙafa. Ita ce “to” ɗinmu. Idan ka shiga ƙaramar bas daga unguwar Madinat Nasr, ka miƙa kuɗinka hannu zuwa hannu har gaba, sannan ka ce wa direba ya sauke ka a gefe, “mashi” zai ce maka ba tare da ya waiwayo ba. Wanda aka tambaya lafiya ya ce “mashil hal”, yana nufin ana lallaɓawa, wanda kuma ya miƙe ya ce “ana mashi”, sallama yake yi. Kada ka kuskura ka ce wani yana “mashi” da wata yarinya don ka gan su a hanya ɗaya, domin ka jingina musu soyayya ke nan.

Inda ta fi ba ni wahala shi ne wajen alkawari. A shekarata ta farko famfon ɗakinmu ya lalace, na sami mai gidan, ya dafa ƙirji ya ce “mashi, mashi”, na koma na shaida wa abokan zamana cewa gobe za a gyara. Mako uku muka yi muna ɗibar ruwa a bokiti daga hawan ƙasa. A ganina mutumin bai yi mini ƙarya ba, ni ne ban san cewa “mashi” mai ja, kamar “to” ɗin da dattijo yake ja idan ba ya son musu, tana nufin na ji kawai. Tun daga nan, duk wanda ya ce mini haka a kan haya ko takardar izinin zama, sai na bi shi da “imta?”, wato yaushe, har ya ambaci rana.

Idan kuma ka haɗu da ɗaliban Maroko, ka sani cewa a karin harshensu “mashi” korewa ce, kamar “ba haka ba”, saboda haka abin da Bamisire ya amince da shi da wannan lafazi, su ƙin sa suke yi da shi.