Amsa ga mai tambaya kan breakdown, turnover da 'yan'uwansu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wata biyu ke nan da fara aiki a ofishin wani kamfani, Turancin makaranta kana jin sa sarai, amma saƙonnin da manya ke turowa cike suke da follow-up, breakdown, turnover, write-off, in ka duba ƙamus kalma-kalma sai ka ƙara rikicewa. Na yi shekara goma sha ɗaya ina riƙe lissafin sito a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, kuma ramin da kake tsoro na faɗa shi tun a watan farko.

Manajanmu ya aiko cewa yana son breakdown na kuɗin sufuri kafin Juma'a. Ni a sanina mota ce ke yin breakdown, wato ta mace a hanya. Na zauna na tattaro duk tireloli da suka lalace tsakanin Legas da Kano, har da kuɗin bakanike. Ya karanta, ya ɗago kai ya dube ni, ya ce abin da yake nufi shi ne in fasa masa jimillar: nawa aka sha a man dizal, nawa direbobi suka karɓa, nawa ya tafi wajen 'yan dako. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma duka daidai ne. Wurin da aka faɗe ta ne ke raba gardama.

Abin da ya buɗe mini ido daga baya shi ne mu ma haka muke yi. Ka ɗauki dafa-duka. Baƙon da ya duba "dafa" ya duba "duka" a ƙamus ba zai taɓa gane shinkafa ce da mai da kayan miya a tukunya ɗaya ba. Haka faɗi-tashi, ja-in-ja, shige-da-fice, hana-salla. Aikatau ne aka ɗaure shi da wata kalma ya zama suna, har karin sautinsa ya canza. Bature ma in yana nufin aikin sai ya raba, ya ce we will take over, wato za mu karɓe ragama, nauyin murya na kan kalma ta biyu. In suna yake nufi sai ya haɗe, takeover, nauyin ya dawo gaba. A rubutu ma haka: I will follow up a rabe, amma a follow-up, wato bibiyar magana ko aiki, da ɗan layi a tsakiya. Jam'i a ƙarshe yake zuwa, follow-ups. Ko ɗan layin za a sa ko a manne su, wannan su kansu Turawan ba su daidaita ba, kada ya ɗauke maka hankali.

Wadda ta fi cutar da mutane ita ce turnover. Ba riba ba ce. A Turancin Ingila, wanda ofisoshinmu suka gada, jimillar cinikin da aka yi ce kafin a cire komai. Ɗan kasuwar Singa zai iya juya miliyan ɗari a shekara, ribarsa ba ta kai biyar ba. Dokar kuɗi ta 2019 da ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin kamfani da turnover ta auna su, naira miliyan 25 zuwa ƙasa, ba da riba ba. Amma in mutumin sashen ma'aikata ya ce turnover ya yi yawa, kuka yake yi cewa ma'aikata na ajiye aiki ana ta ɗaukar sababbi. 'Yan Amurka ma sun fi sanin ta da wannan, cinikin kuwa revenue suke ce masa.

Sai markup, wadda ake rikita ta da margin har a bakin masu digiri. Ka sayi katan a 8,000 ka sayar 10,000. Abin da ka ɗora a kan kuɗin saye kashi 25 cikin ɗari ne, shi ne markup. In ka auna 2,000 ɗin da kuɗin sayarwa kuwa kashi 20 ne, shi ne margin. Na ga an yi rigima da dila a kan wannan bambancin har sai da aka kira akanta.

Write-off kuma kada ka fassara ta da yafewa. Kamfani ya fitar da bashin daga lissafin dukiyarsa ne don ya fid da rai, amma in ya ga hanya gobe zai bi kuɗinsa. Wani abokin cinikinmu ya ji an ce an yi write-off na bashinsa ya zo yana godiya har da addu'a, ni aka bar wa aikin yi masa bayani.

Wasu ka riga ka san su ba ka lura ba. Lockdown na 2020, handover na 29 ga Mayu, bailout, wato kuɗin ceto, da Babban Banki ya bai wa bankuna a 2009 zamanin Sanusi Lamido Sanusi, naira biliyan 620. Kickback kuwa, wato kason da ɗan kwangila ke mayar wa wanda ya ba shi aiki, in ka ji ana raɗa ta a kusa da teburinka ka tashi ka je alwala.

Ni ƙaramin littafi na ajiye a aljihu. Duk sabuwar da na gani sai in kwafe jimlar gaba ɗaya, in rubuta wane sashe ne ya turo ta, akanta ne ko sito ko masu talla. A ƙamus kuma ka neme ta a haɗe, za ka same ta da gidanta daban. In manaja ya ce yana son breakdown, kafin ka fara ka tambaye shi: ranka ya daɗe, wata-wata kake so ko kaya-kaya?