Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Allurar Sinadarin Ƙarfe ga Mai Ƙarancin Jini

Tambaya: Likita, cikina wata bakwai. A wajen awo an ce jinina ya yi ƙasa, ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ni kuma amai take sa ni, ga ƙullewar ciki. Yanzu an ce za a yi min allura ta jijiya. Shin ƙarin jini ne za a yi min? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Allah ya raba lafiya. Ba ƙarin jini ba ne, babu ledar jinin kowa a ciki. Sinadarin ƙarfe ne, wanda jiki ke haɗa jini da shi, ake zuba miki ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Mai juna biyu da ma'aunin haimogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, bai kai 11 ba tana da ƙarancin jini, ke kuma ga haihuwa ta matso, ƙwayar ba ta zama a cikinki. Irinki aka tanadar wa wannan allura.

Ga kala biyu na allurar. Venofer ana yin miligiram 200 a zama ɗaya, sai kin koma sau da yawa. Ferinject kuwa ana iya ba da har miligiram 1,000 cikin minti 15, galibi zama ɗaya ko biyu, sai dai ta fi tsada. An gwada Ferinject a kan masu ciki a Kano da Legas, aka ga ta fi ƙwaya cike giɓin sinadarin ƙarfe. Kada ki sa ran ganin sauyi washegari. Jinin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya hau. Ba a yin ta a wata ukun farko na ciki, ke kin wuce nan. Bayan an gama ki zauna minti 30 a gaban ma'aikatan jinya. Idan kika ji ƙaiƙayi, ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya, ki yi magana nan take.

Tambaya: Kullum a gajiye nake, ga jiri. Zan iya sa mai kemis ya yi min ita a ɗuwawu? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Don Allah Malam kada ka yi. Ta ɗuwawu tana da zafi, takan bar baƙin tabo a fata, kuma idan jiki ya ƙi ta, kemis ba shi da kayan ceto. Abin da ya fi damuna ma daban ne: namiji baligi ba ya al'ada, ba ya haihuwa, to ina jininsa ke tafiya? Sau da yawa olsa ce ke tsiyaya, ko basir, ko tsutsar ciki, wani lokacin ciwon daji na hanji. Ka je a duba jininka da feritin, wato ma'ajiyar ƙarfen jiki, a kuma duba bahaya. Idan ƙarancin ya tabbata, da ƙwaya za a fara, kuma kada ka kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki.

Tambaya: Ɗana sikila ne, jininsa ba ya hawa. Allurar za ta taimake shi? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. A'a, sai in gwaji ya nuna ƙarfen ya yi ƙasa. Matsalar sikila fashewar ƙwayoyin jini ce da wuri, ƙarfen kuma yana nan cikin jiki. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini ƙarfe kan ma yi masa yawa, ya taru a hanta da zuciya. Ko maganin ƙarin jini na kwalba kada ki ba shi sai likitansa ya ce. Ki ci gaba da folik asid ɗin da aka rubuta masa, ki kwantar da shi cikin gidan sauro, ki kai shi asibiti duk ranar da ya yi zazzaɓi ko idonsa ya ƙara fari.