Tambaya da Amsa: An ɗauke wuta ina tsakar aiki a PowerPoint

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin haɗa darasi a PowerPoint, na kai shafi na 30 aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ce, ba UPS, kuma ko sau ɗaya ban yi sebin ba. Aikin ya tafi ke nan? Malamin sakandare, Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce duka ya tafi. Idan wuta ta dawo, buɗe PowerPoint ɗin kanta. A gefen hagu za ka ga wani akwati mai suna Document Recovery, ɗauke da fayilolin da ta ceto da lokacin kowanne. Buɗe na ƙarshe, ka raɗa masa suna, ka adana nan take. In akwatin bai fito ba, shiga File, sai Open, can ƙasa ka danna Recover Unsaved Presentations. Kada ka yi jinkiri, kwana 4 kacal ake ajiye irin waɗannan fayiloli.

Abin da ke wannan ceto shi ne AutoRecover, wanda ke ɗaukar kwafin aikinka a ɓoye duk minti 10. Ke nan duk abin da ka rubuta bayan kwafin ƙarshe ya salwanta. Ga mai fama da wutar NEPA minti 10 ya yi yawa. Shiga File, Options, Save, ka mayar da shi 2 ko 3. Fayil mai cike da hotuna da bidiyo kan ɗan tsaya cak lokacin ɗaukar kwafin, amma gara haka. Ka kuma sa alama a layin da ke ƙasansa, wanda ke riƙe kwafin ƙarshe ko da ka rufe ba ka adana ba.

Mutane kan rikita AutoRecover da AutoSave, maɓallin nan na saman hagu mai adana duk canjin da ka yi nan take. Shi sai fayil yana kan OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, shi ya sa yake a kashe ga wanda ke aiki daga filash. Yana da tarko: in ka buɗe darasin bara don ka gyara shi na bana, duk abin da ka goge zai hau kan na asalin. Fara da Save a Copy. In aikin gama ya gama, Version History zai dawo maka da tsohon.

Masu LibreOffice Impress, wata manhaja mai kama da PowerPoint, su duba Tools, Options, Load/Save, General don irin wannan saitin na AutoRecover. Kai kuwa Malam, sa wa fayil suna tun a shafin farko, ka riƙa danna Ctrl da S duk ka gama shafi.