Kiɗa ya danne magana: ina ya dace a ajiye kowace lasifika a falo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na sayo kayan sauti na falo, irin masu ƙananan lasifikoki biyar da babban akwatin wufa ɗaya, na jera su duka a kan teburin talabijin. Idan muna kallon fim, kiɗa da ƙarar motoci har girgiza tagogi suke yi, amma da ƙyar muke jin abin da 'yan wasan ke faɗa sai na ƙure ƙara, maƙwabta kuma su fara ƙorafi. Shin jabun kaya aka sayar mini ne, in mayar? Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar mayar da su, domin abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar jeri fiye da matsalar kaya. Wannan tsari da ake kira 5.1, wato lasifikoki biyar (ta tsakiya, biyun gaba da biyun baya) da wufa ɗaya mai fitar da kauraran sautuka, an gina shi ne a kan cewa kowace lasifika tana da aikinta da mazauninta, kuma idan aka tara su wuri guda kamar kwanukan jere, sautinsu cakuɗewa yake yi kafin ya iso kunne.

Ka fara da ta tsakiya, wadda galibi take kwance a faɗi, domin ita ce ke ɗauke da mafi yawan maganganun fim. Mazauninta shi ne daidai ƙarƙashin talabijin ko samansa, a bakin teburin, fuskarta na kallon kujerar da ka fi zama. Na taɓa shiga wani falo a Malali inda na tarar an tura ta can cikin durowar gilashi an rufe, an kuma ɗora wa sauran kyallen ado da furannin roba. Maigidan ya riga ya yanke shawarar sayen sababbi. Da muka fito da ita muka jawo ta bakin tebur, muka ɗan ɗaga gabanta da guntun kwali don ta fuskanci kunne, nan take muryoyin suka fito tangaran, kuma ko sisi bai kashe ba. Na daɗe ina takaicin yadda ake asarar kuɗi a kan abin da gyaransa bai wuce minti biyar ba.

Biyun gaba kuwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka raba su ta yadda nisan da ke tsakaninsu zai yi kusan daidai da nisan kowacensu zuwa kujerarka, ka ɗan karkato su zuwa gare ka, tsayinsu kuma ya zama daidai da kunnen wanda ke zaune. Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar tun 1992 ta sanya su a kusurwar digiri 30 daga tsakiya, ta sanya biyun baya a wajen digiri 110, wato a gefenka amma sun ɗan gota kafaɗarka ta baya. Na san a yawancin falukanmu kujeru jingine suke da bango, babu wani fili a bayansu. In haka naka yake, ka rataye su a bangon dama da na hagu, kamar santimita 60 sama da kunne, ka bi da wayoyin ta gindin bango don kada yara su yi tuntuɓe da su. Wajen haɗawa ka lura jar waya ta shiga jan gurbi, baƙa ta shiga baƙi, domin juya su a lasifika ɗaya yana raunana sautin.

Wufa ita ce ke damun maƙwabtanka. Kauraran sautukan da take fitarwa, waɗanda ke ƙasa da kimanin Hz 80 a ma'aunin kaurin sauti, kunne ba ya iya tantance daga inda suke fitowa, don haka ba dole ba ne ta zauna kusa da talabijin. Sai dai idan aka cusa ta a lungu, bango biyu da daɓe suna ƙara mata ƙugi har ta danne komai, kuma irin wannan ƙugin ne ke ratsa katanga. Akwai dabarar da masu sana'ar ke yi wadda nake ganin babu kamarta: ka ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai ganga, sannan ka durƙusa ka bi gefen bangon falon kana saurare. Inda ka ji bugun gangar ya fito a tsaftace ba tare da gurnani ba, nan ne mazauninta. Bayan haka ka rage ƙarfinta a rimot, ka ƙara wa ta tsakiya mataki biyu ko uku.

Shi kansa falon yana da nasa laifin. Daɓen tayil da bangon siminti suna mayar da sauti, sai kalmomi su riƙa hawa kan juna. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji amsa-kuwwa, to kafet mai kauri tsakanin kujeru da talabijin da labule mai nauyi a tagogi za su yi maka maganin da sabuwar na'ura ba za ta yi ba.

Ka duba kuma wayar da ta haɗa na'urar da talabijin. Mai kai biyu, ja da fari, layin sauti biyu kacal take ɗauka, na dama da na hagu, cikakken 5.1 kuwa sai ta wayar HDMI a gurbin da aka rubuta ARC, ko ta wayar haske da ake kira optical. Yawancin bidiyon YouTube ma a layi biyu aka naɗe su, saboda haka jin biyun baya sun yi shiru a irin wannan kallo ba alamar lalacewa ba ce.

Idan ka gama duk wannan, ka nemi sautin gwaji a cikin saitin na'urar, wanda ke zagaya lasifikokin ɗaya bayan ɗaya da wata ƙara mai kama da zubar ruwan sama. In ya iso kan ta tsakiya ta yi shiru ko ta riƙa karkarwa, ka musanya wayarta da ta wata ka sake gwadawa. In har ba ta canja ba, a nan ne za ka ɗauki rasiɗinka ka koma wurin wanda ya sayar maka.