Amsa ga Kawu: me ya kai yaranmu wajen jirgin Yamato

Kawu, ina gaisuwa, ya iyali, ya kuma ƙarfin jiki. Na ga saƙonka kan hoton yara a gidan tarihi, kana tambaya wai ko Japanawa har yau tinƙaho suke da Yaƙin Duniya na Biyu da aka ci su, mu kuma me ya kai mu shiga sabgar da ba tamu ba.

Garin da muke zaune, Kure, yana gefen Hiroshima, kuma rundunar sojin ruwa ce ta raya shi. A ma'aikatar garin aka ƙera Yamato, jirgin ruwan yaƙi mai tsawon mita 263, wanda ya fara aiki a Disambar 1941. Abin da ka gani a bayan yara samfurinsa ne, kashi ɗaya cikin goma na girmansa, a gidan tarihin da aka buɗe a 2005. 'Yan makaranta na zuwa can, namu yaran ma suna cikin ayari. Dattijon da ke zagayawa da su ya fi ɓata lokaci a kan walda da kaurin ƙarfe da yadda aka ɗora bindigogi tara masu faɗin baki santimita 46. Alfaharin ƙira ne, irin na jikan maƙeri da ya ga takobin kakansa. Da an gangara ɗakin da aka jera hotunan matasan da suka mutu a cikinsa da wasiƙun da suka bar wa iyayensu, sai ka ji surutu ya ɗauke. Ranar 6 ga Afrilun 1945 aka tura jirgin tsibirin Okinawa ba tare da isassun jiragen sama masu kare shi ba, washegari jiragen Amurka suka nutsar da shi tun bai isa ba, mutum wajen 3,000 suka tafi da shi. Shi kansa Ito, kwamandan tafiyar, da farko bai yarda da ita ba, amma ya je, bai kuma dawo ba.

Sunan da za ka fi ji a bakin mutane shi ne Yamamoto Isoroku, babban kwamandan haɗaɗɗiyar rundunar jiragen ruwa daga 1939. Tun yana saurayi ya rasa yatsu biyu a yaƙin Tsushima da Rasha a 1905. Ya yi karatu a Harvard, ya yi aiki a ofishin jakadancin Japan a Washington, ya ga masana'antun Amurka da idonsa. Ya yi adawa da ƙawance da Jamus, ya kuma gaya wa firaminista Konoe cewa zai iya cin karensa ba babbaka wata shida ko shekara, amma bayan nan ba shi da tabbas. Duk da haka shi ya tsara harin Pearl Harbor, sansanin sojin ruwan Amurka a Hawaii, na 7 ga Disambar 1941. Wata shida cif bayan nan, a Midway, Japan ta yi asarar manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama: Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu. Gwamnati ta ɓoye wa jama'a girman asarar. Amurkawa sun riga sun gano sirrin saƙonnin rundunar, kuma da wannan suka tare jirgin Yamamoto a samaniyar Bougainville ranar 18 ga Afrilun 1943 suka kakkaɓo shi. Koga da ya gaje shi ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1944. Toyoda ya karɓa, a hannunsa aka sha kashi a yaƙin tekun Leyte a Philippines. Ozawa, na ƙarshe, suna kawai ya gada.

A wurin aikinmu akwai wata magana da ake danganta wa Yamamoto, an manna ta a bango kusa da agogon shiga aiki: ka yi a gani, ka yi bayani, ka bari a gwada, ka yaba, in ba haka ba mutum ba zai motsa ba. Da ita aka koya mini aiki, ni ma da ita nake koya wa sababbi. Ba na raina ta.

Amma ga inda nake rabuwa da maƙwabtana, ko da yake ba a bainar jama'a nake faɗi ba. Akwai wani ra'ayi da ya zauna a nan cewa sojin ƙasa ne suka ja ƙasar cikin bala'i, sojin ruwa kuwa masu ilimi ne da aka fi ƙarfinsu. Ni ban saya ba. Mutumin da ya san za a faɗi, ya kuma fi kowa iya tsara farmakin farko, bai fita daga alhaki ba don ya yi gargaɗi. Harin ƙunar baƙin wake na kamikaze ma wani kwamandan sojin ruwa ne, Onishi, ya fara tura matuƙa su yi shi a Oktoban 1944.

Batun Baba Tsoho da yaƙin Bama, kada ka ɗauka an manta. Mu 'yan Arewa da ke nan ba mu da yawa, akasari ɗalibai ne da masu harkar motoci da 'yan ma'aikata, kuma idan mun haɗu bayan sallar Idi hirar takan zo. Muna gaya wa yara cewa kakanninsu sun je da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun yi faɗa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma da Hausa ake ba su umarni. Da sojin ƙasa suka gwabza, ba da na ruwa ba. Yawancin Japanawa ba su taɓa jin labarin ba. Da na faɗa wa wani abokin aikina, sai da ya ajiye tsinken cin abincinsa ya sa na maimaita, washegari ya zo da taswira in nuna masa wurin.

Al'adarmu dai ita ce ba mu tayar da zancen yaƙi a gidan mutane sai sun tayar. Ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe, lokacin da aka jefa wa Hiroshima bam ɗin nukiliya, da ranar 15 da tsakar rana, lokacin da aka sanar da miƙa wuyan Japan, idan aka tsaya shiru mu ma mukan tsaya, kowa ya yi addu'arsa a zuci. Ba ma zuwa wuraren bautarsu inda ake girmama matattun yaƙi, kuma ba wanda ya taɓa tilasta mana.

Gadon rundunar da ya fi shiga gidajenmu kuwa abinci ne. Sojin ruwan yanzu shinkafa da miyar kori (curry) suke ci duk ranar Juma'a, gidajen abincin Kure kuma sun mai da ita abin talla, kowane na cewa girkin jirgi kaza yake yi. Mu ba ma ci a waje saboda naman alade da yanka. Uwar yara ce take yin nata da naman da muke odarsa daga shagon halal, ta zuba attarugu har yara su ce wannan ba ta Japan ba ce.