An ce in rage cin abinci kada ɗan ya yi girma

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Cikin fari ne da ni, ya cika wata shida. Lokacin da na fara awo, cikin yana wata biyu, kilo 58 nake, jiya aka auna ni aka samu 65. Tsayina mita 1.6. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce na yi ƙiba da yawa, in bar cin abincin dare, in kuma ajiye jan maganin nan na asibiti don shi ke sa ɗa ya yi ƙato. An ma kawo mini maganin zaƙi a jarka. Yayata aiki aka yi mata aka ciro ɗan, ni kuma tsoron aikin nan ya hana ni barci. Yau kwana goma sau ɗaya nake cin abinci a rana. Don Allah ƙibar nan ta yi yawa ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki tashi ki ci abinci kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa. Ƙibarki ba ta yi yawa ba ko kaɗan. Da tsayinki da nauyin da kika fara da shi, kina cikin matan da ma'aunin Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka na 2009 ya ce su ƙara kilo 11.5 zuwa 16 kafin haihuwa. Ramammiya ana so ta ƙara 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Ke da kika ƙara kilo 7 a wata shida kina kan hanya daidai, kuma daga nan ana sa ran ki riƙa ƙara kusan rabin kilo kowane mako.

Wannan nauyin kuma ba na jariri ba ne shi kaɗai. Ranar haihuwa shi bai fi kilo 3 da ɗoriya ba. Sauran mabiyiya ce, da ruwan da yake kwance a ciki, da mahaifar da ta buɗe, da nono, da jinin jikinki da ke ƙaruwa da kusan rabin abin da kike da shi a da, sai ɗan kitsen da jiki ke ajiyewa don shayarwa. Yanzu dai ɗan da ke cikinki bai ma kai kilo ɗaya ba.

Maganar "rage ci kada ɗa ya yi girma" ita ce ba na wuce ranar awo ban ji ta ba, kuma wallahi tana ci mini rai. Na san Hajiya ba mugunta take nufi ba. Ta ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda, ta ga waɗanda suka dawo gida da yoyon fitsari, tsoronta yana da tushe. Amma yunwa ba ta maganin abin da take tsoro.

Abin da ya fi tsayawa a ƙugu lokacin haihuwa kai ne. Idan abinci ya yi wa ɗan tayi kaɗan, jikinsa yakan fara ba ƙwaƙwalwa, ya bar ciki da cinyoyi su rame. Sai a haifo yaro siriri, fata ta yi masa yawa, amma kan nan bai ragu da wani abin kirki ba. An ga haka a zahiri a ƙasar Holan, lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 a Yaƙin Duniya na Biyu, inda rabon abinci ya faɗi ƙasa da rabin abin da mutum ke buƙata. Matan da yunwar ta same su a ƙarshen ciki, nauyin 'ya'yansu ya ragu da kusan giram 300 ne kawai. Da aka bi waɗannan yara har suka manyanta, sai aka tarar matsalar sukari ta fi yawa a cikinsu. Yunwar yaƙi ke nan, giram 300 ta iya ragewa. To ke barin tuwon dare me zai rage? Ƙarfinki zai rage, da jininki.

Doguwar naƙuda tana zuwa ne daga ƙugun da bai gama buɗewa ba, ko kwanciyar ɗa ba daidai ba, ko mahaifar da ta gaji, sannan uwa uba a zauna a gida ana jira har gari ya waye. Yayarki ma ki tambaye ta dalilin da aka rubuta a katinta, mai yiwuwa ba girman ɗa ba ne sam.

Sai jan maganin da aka ce ki ajiye, kuma nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. Maganin ƙarin jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha sinadarin ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid kullum. Aikinsa a jininki yake, daga cikin abin da yake yi wa jariri akwai rage haɗarin fitowarsa ƙanƙani, ƙasa da kilo 2.5. Ba ya mayar da ɗa ƙato. Na sha karɓar mace da tsakar dare, in ja fatar idonta ƙasa in ga fari fat kamar takarda, tafin hannu ya ɗashe, tana haki daga hawa gado kawai. Ta haihu lafiya, ɗan ƙarami kamar yadda aka so, sai ta zubar da jinin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita kuwa ya kai ta gargara. Miji yana ta kiran 'yan'uwa a waya ana neman mai ba da jini. Idan aka buɗe jakarta sai ka ga ƙwayoyin nan a ƙulle a leda tun na watan huɗu, ko ɗaya ba ta sha ba. Wasu mun same su, wasu Allah ya yi musu rasuwa muna tsaye a kansu.

Maganin zaƙi kuwa, ki tambayi mai sayar da shi me ya zuba a ciki, nawa ya auna, a wane wata ake sha. Ba zai iya faɗa miki ba. Wani yana sa gudawa har ruwan jiki ya ƙare, wani yana tayar da ciwon mara kafin lokaci. Masu yawo da shi a mota da lasifika ba sa nan ranar da abin ya ɓaci. Ki zubar da jarkar nan.

Abin da ke sa ɗa ya wuce kilo 4 da gaske, sau da yawa sukari ne ya hau a jinin uwa ba a gano ba, ko kuma uwar ta shiga cikin da ƙiba mai yawa. Shi ya sa ake gwajin sukari tsakanin mako na 24 da na 28, wato daidai inda kike yanzu. Ki nemi a yi miki. Idan akwai abin ragewa a abincinki, to lemon kwalba ne, wanda ƙaramar kwalba ɗaya ke ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara, da shayi mai kauri, da cincin da alewa. Cin na mutum biyu ma ba a ce ki yi ba. Ƙarin da jikinki ke nema a wannan wata bai wuce kofin fura da dafaffen nono da ƙwai ɗaya ba, ko faranti ƙarami na wake. Ki ci sau uku, ki ɗan taɓa wani abu a tsakani. Wake, zogale, alayyahu, gyaɗa, awara, kifi, ƙwai, duk suna kusa da ke. Ki sha maganin jinin da ruwa ko bayan kin sha lemon zaƙi, kada ki haɗa shi da shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukarsa. In yana sa ki tashin zuciya, ki mayar da shi dare bayan abinci. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne.

Akwai nauyi guda da nake so ki ji tsoro. Idan kika ƙara kilo biyu a mako ɗaya, zobe ya ƙi fita a yatsa, kika tashi da safe fuska a kumbure, ga ciwon kai ko ganin hazo-hazo, wannan ruwa ne, kuma yana iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. A ranar za ki je a auna jininki, kada ki jira ranar awo.

Ke ba za ki iya musu da Hajiya ba, kuma ban ce ki yi ba. Ki ba maigida wannan amsa ya karanta, shi ya san yadda zai shawo kan mahaifiyarsa. In da hali, ranar awonki mai zuwa ku taho tare da ita, ta zauna a gwada ki a gabanta, ungozoma ta nuna mata katin ta yi mata bayani da bakinta. Allah ya sauke ki lafiya.